Me ya kashe kamfanin motar Saab, kuma me ya sa masu ita har yau ba su haƙura ba?

Wani ɗan'uwa ne ya ce ya ga Saab 9-3 wajen dillalai, 'yar Kwatano, tsaf da ita kuma da arha har ta ba shi tsoro, da ya tambaya aka ce masa ai kamfanin ya mutu tuntuni. Shi ne yake son sanin me ya kashe shi, kuma me ya sa in ya shiga intanet sai ya ga masu motar suna zancenta kamar an yi musu rasuwa a gida.

To ɗan'uwa, in ka tambayi masoyan motar za su ce maka GM ce ta kashe ta, wato General Motors ta Amurka, kuma ba ƙarya suka yi ba don ita ce ta rufe ƙofar ƙarshe a 2011. Amma ni a ganina ciwon ya daɗe a jiki tun kafin GM ta zo. Saab kamfani ne ƙarami mai taurin kai, komai sai sun yi shi irin nasu, ga tsadar aiki ga ƙarancin masu saye, kuma abun haushin shi ne wannan taurin kan shi ne dai abun da masu motar suke mutuwar so. Abun da ya sa aka ƙaunace ta shi ya hana ta riba.

Asalinsu ma ba masu mota ba ne. An kafa Saab a 1937 a ƙasar Suwidin don ƙera jiragen yaƙi, da yaƙin duniya na biyu ya zo ƙarshe sai suka ga kasuwar jirgi za ta ja baya ga injiniyoyi zaune, sai suka ce bari a gwada mota. Gunnar Ljungström ne ya jagoranci aikin, mutumin da ya saba da fukafukin jirgi, Sixten Sason kuma ya zana, shi ya sa ta farkon in ka kalle ta daga gefe sai ka rantse reshen jirgi aka yanko aka sa wa taya. An fara ƙera Saab 92 a ƙarshen 1949 a garin Trollhättan, dukkansu koraye, injin silinda biyu mai ƙarfin doki 25, kuma irin injin nan ne da ake haɗa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kamar ƙaramin janaretan nan na shago mai hayaƙi. Tsofaffin da suka tuƙa irinta da 93 da 96 na farko abun da suke fara tunawa kenan, ƙarar nan tata mai kaifi da shuɗin hayaƙi da galan ɗin mai a but, kuma duk wanda ya manta bai zuba man ba to ya yi sallama da injinsa. Sai a ƙirar 1967 aka fara sa wa 96 injin V4 na Ford.

Da wannan 'yar motar Erik Carlsson ya ci gasar Monte Carlo a 1962 da 1963, ya ci ta RAC ta Ingila sau uku a jere daga 1960 zuwa 1962, har gasar Safari ta gabashin Afirka ya zo na biyu a 1964. Ƙaton mutum a cikin 'yar mota mai kukan sauro yana wuce manyan motoci a cikin dusar ƙanƙara, nan sunan Saab ya fara fita duniya.

Zamanin da ake kuka a kansa yanzu ya fara ne daga Saab 99 wadda ta shigo kasuwa a 1968. Shekara ɗaya bayan nan aka haɗe kamfanin da Scania, e Scania dai ta manyan motocin nan da kake gani a hanya, suka zama Saab-Scania. A shekarun nan ne suka riƙa fito da abubuwa ɗaya bayan ɗaya, waifa a fitilar gaba a 1970, kujera mai ɗumama kanta a 1971, bamba mai komawa daidai in an ɗan buge ta, ƙarfe a cikin ƙofa don karon gefe a 1972. Sannan babban, 99 Turbo da aka nuna a 1977. Ba su suka ƙirƙiro turbo ba, wato na'urar nan da ke cusa wa injin ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru, kafin su an sa shi a wasu motoci, amma yawanci na 'yan tsere ne, ba ya jin kira sai an kai shi ƙarshe sannan ya zabure ka. Per Gillbrand da mutanensa su suka lallashe shi ya zama abun da magidanci zai kai yara makaranta da shi, ƙarfin yana zuwa tun injin bai yi nisa ba, ka taka a giya ta uku ka wuce tirela ba tare da ka sauko ba. Duba kasuwa yau, da yawa daga cikin sababbin motoci ƙaramin injin ne da turbo, hanyar da Saab ta bi kenan tun ana yi mata kallon mai neman suna.

Sai 900, daga 1978 zuwa 1993, wadda aka ƙera wajen dubu 900. In ka ji mutum yana cewa Saab ta gaske to ita yake nufi. Mu masu buɗe bonet wannan motar abun kallo ce wallahi. Bonet ɗin ma sai ya zame gaba sannan ya ɗaga daga baya ya kifa ta gaba. Injin an juya shi baya ya koma gaba, kuloci yana can ta wajen lagireto, giyabos kuma yana ƙarƙashin injin shi ne kamar kaskon mai, bel-bel suna manne da bangon da ke gaban direba inda hannu baya shiga sai da addu'a. Canjin kuloci aikin ɗan lokaci ne ba sai ka sauke giya ba, amma a ce ka canza bel ko famfon ruwa sai ka zagi wanda ya zana. Burkin hannu a tayoyin gaba yake kamawa har zuwa 1987. Makulli kuwa a ƙasa tsakanin kujeru kusa da giya, dalilinsu shi ne kada ya fasa wa direba gwiwa in an yi karo, kuma a mai giyar hannu ba za ka iya zare shi ba sai ka sa ribas. Duk wanda ya ari Saab karon farko sai ya zauna yana lalube a jikin sitiyari, masu ita kuma suna gefe suna dariya, wannan labarin kusan kowannensu yana da irinsa.

Kuma ba wai gwaninta kawai ba ce, akwai hankali a ciki. A Suwidin akwai wata dabbar daji mai dogayen ƙafafu da ta fi doki tsayi, in mota ta buge ta jikinta kan gilashi da rufi yake faɗowa ba kan bamba ba, Saab sun daɗe suna gwada motocinsu da kwaikwayon wannan dabbar, shi ya sa ginshiƙan gilashin gabansu suke da ƙarfi haka. Ƙofar 900 tana saukowa har ƙasa ta rufe dakalin shiga yadda taɓo ba zai ɓata maka wando ba. Maɓallan dashbod manya ne don mai safar hannu ya iya kamawa a lokacin sanyi. Daga 1993 akwai maɓallin da in ka danna da dare duk fitilun dashbod su mutu sai na gudu kawai, in mai ya kusa ƙarewa ko injin ya yi zafi sai wannan agogon ya farka da kansa, dabarar jirgin sama ce. A 1997 suka kawo matashin kujera mai zaburowa ya tare ƙeya in an buge ka ta baya. Kujerun kansu kuwa, ko wanda baya son motar zai gaya maka bayansa bai taɓa jin daɗin doguwar tafiya ba kamar a Saab.

To yanzu ka tambayi kanka, duk wannan wa zai biya? Nan matsalar take. Ƙirƙiro sabuwar mota daga tushe kuɗi ne na fitar hankali, kuma ko dubu 100 za ka sayar ko miliyan, kuɗin zanen da gwajin da injinan buga ƙarfe kusan ɗaya ne. Shekarar da Saab ta fi kowace ciniki a tarihinta, 2006, motoci wajen dubu 133 ta sayar a duk duniya. A wannan shekarar BMW ta haura miliyan, Volvo 'yar ƙasarsu tana sama da dubu 400. Kuma da BMW da Audi da Marsandi Saab take son yin gogayya a farashi, alhali mai sayen irin wannan motar yawanci suna yake saye, shi kuma mai son Saab mutum ne da in ya saya sai ya shekara goma sha yana jan abarsa baya komawa shago. Likitoci, malaman jami'a, masu zanen gine-gine, irin mutanen da aka san ta da su kenan a Amurka da Ingila, masu amana ne matuƙa amma ba su da yawa.

Sun gane haka tun da wuri, shi ya sa 9000 ta 1984 suka yi ta da haɗin gwiwar Fiat, gida ɗaya da Fiat Croma da Lancia Thema da Alfa 164, don a raba kuɗi. Amma halin nasu bai bari ba, suka bi motar suna ƙara ƙarfe nan suna canza can har abun da ya rage na tarayya bai taka kara ya karya ba. Mota ta fito da kyau, a 1986 ma suka kai uku filin Talladega a Amurka suka yi ta zagaye ba dare ba rana har kilomita dubu 100, wadda ta fi sauri matsakaicin gudunta ya haura kilomita 210 a awa. Sai dai tsimin da aka shiga haɗin don shi bai samu ba. Ƙarshen shekarun 1980 dala ta faɗi, Amurka kuma ita ce babbar kasuwarsu, ga albashi a Suwidin da tsada, ga sabuwar masana'anta da suka buɗe a Malmö a 1989 wadda aka rufe a 1991. Asara ta yi yawa, dole aka nemi mai ceto.

A ƙarshen 1989 GM ta sayi rabi a kan dala miliyan 600, ɗaya rabin yana hannun Investor, kamfanin zuba jari na attajiran Suwidin iyalan Wallenberg, a 2000 ta ƙarasa sayen sauran a kan miliyan 125. Daga nan kamfanin mota ya rabu da na jirgi. Wannan ka riƙe shi, Saab mai ƙera jirgin yaƙin Gripen tana nan da ranta tana ciniki har gobe, ta mota ce ta mutu.

Zancen GM sai an yi adalci. Shekara ashirin tana ɗauke da kamfanin da kusan kowace shekara asara yake kawowa, in ba don ita ba ina ga da tun farkon shekarun 1990 an yi jana'iza, kuma 9-5 da 9-3 da ake yabo yanzu duk da kuɗinta aka yi su. Amma kuma ba ta taɓa sanin me za ta yi da abun da ta saya ba. Tsarinta shi ne a ɗauki ƙashin Opel Vectra, motar kamfanin da GM ta mallaka a Jamus a lokacin, a sa masa rigar Saab, 'yan Trollhättan kuma su karɓa su bi shi suna canzawa har ya tashi daga na Opel, kuɗi ya ƙaru, hedikwatar GM da ke Detroit ta fusata ta riƙe kuɗin aiki na gaba. Haka aka yi ta jan igiya. Sakamakon shi ne 9-5 da ta fito a 1997 aka bar ta a kasuwa har 2009 ana ta yi mata kwalliyar fuska, alhali Jamusawa sun daɗe da sauya tasu da sababbi. Lokacin da duniya ta koma kan manyan jif-jif Saab ba ta da ko ɗaya, sai GM ta ɗauko Chevrolet TrailBlazer ta mayar da makulli tsakanin kujeru ta ce ga 9-7X, ta ɗauko Subaru Impreza daga Japan ta ce ga 9-2X. Mutane suka sa musu sunan tsiya, Trollblazer da Saabaru. Motocin ba wai ba su da kyau ba ne, amma wanda ya zo neman Saab ya san ba ita ba ce, wanda kuma yake son Subaru me zai sa ya ƙara kuɗi. Har Cadillac BLS aka riƙa haɗawa a Trollhättan a kan jikin 9-3, ita ma ba ta sayu ba.

Sai rikicin tattalin arzikin 2008 ya zo, GM kanta ta durƙushe sai da gwamnatin Amurka ta ɗauke ta, aka ce ta zubar da kaya, wato wasu kamfanonin motarta, Pontiac, Saturn, Hummer, Saab. A watan Fabrairun 2009 Saab ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi. Aka juya wajen gwamnatin Suwidin, ministar masana'antu Maud Olofsson ta nuna ƙarara cewa gwamnati ba za ta mallaki kamfanin mota da kuɗin masu biyan haraji ba, hujjarta kuma ita ce in GM da girmanta ta kasa sa shi ya yi riba ita ta yaya za ta iya. A Trollhättan an daɗe ba a yafe mata wannan ba, amma in ka cire son rai tambayar tata tana da nauyi.

Daga nan abun ya zama kamar wasan kwaikwayo. Koenigsegg, ɗan ƙaramin kamfanin da ke ƙera motocin tsere ƙwaya-ƙwaya, ya ce zai saya, a Nuwamba 2009 ya janye. BAIC ta Chaina ta sayi kayan ƙera tsohuwar 9-5 da 9-3 a kan wajen dala miliyan 200 ta kwashe. A 18 ga Disamba GM ta ce shi kenan za ta rufe. A nan ne masu motar suka yi abun da ban san an taɓa yi wa wani kamfanin mota ba, a Janairun 2010 cikin tsananin sanyi suka fito jerin gwano da motocinsu a ƙasashe da dama, har ƙofar hedikwatar GM a Detroit, suna roƙon a sayar kada a rufe. Ka duba fa, kwastoma ne ba ma'aikata ba, ba wanda ya biya su.

Aka sayar ɗin. Spyker ta ƙasar Holan, ita ma mai ƙera motoci 'yan ƙalilan, ƙarƙashin Victor Muller, ta karɓa a Fabrairun 2010 a kan dala miliyan 74 kuɗi hannu da hannun jari na miliyan 326 da GM ta riƙe, ga bashin yuro miliyan 400 daga bankin zuba jari na Turai wanda gwamnatin Suwidin ta tsaya wa. An yi murna sosai, amma duk mai lissafi ya san da wuya. Masana'anta ta yi makonni a tsaye, dillalai da yawa sun gudu, mai saye yana tsoron ya zuba kuɗi a motar da ba a san gobenta ba. Sabuwar 9-5 ta fito a 2010, doguwa kyakkyawa, amma a shekarar duka motoci dubu 30 da 'yan kai aka sayar, tsarin da aka yi kuwa ya dogara ne a kan ninkin haka da ƙari. Ƙarshen Maris 2011 masu kawo kaya suka fara tsayar da motocinsu a bakin ƙofa sai an biya su, a Afrilu layi ya tsaya, kuma in ka cire 'yan kwanaki a wajen ƙarshen Mayu bai sake tashi ba. Muller ya yi ta yawo neman kuɗi, attajirin Rasha Vladimir Antonov yana so ya zuba ba a ba shi izini ba, yarjejeniya da Hawtai ta Chaina ta rushe cikin kwanaki, albashi ya fara makara har ƙungiyoyin ma'aikata da kansu suka kai ƙara kotu. Ƙarshe Pang Da da Youngman, duka na Chaina, suka yarda su saye kamfanin gaba ɗaya a kan yuro miliyan 100.

Nan GM ta ce a'a. Ba ita ke da kamfanin ba a lokacin, amma fasahar da ke cikin sabuwar 9-5 da sabuwar jif ɗin Saab 9-4X tata ce, lasisi ta bayar, ita kuma tana da babbar harka a Chaina tare da kamfanin motar ƙasar mai suna SAIC, ba za ta yarda fasaharta ta faɗa hannun masu gogayya da ita a can ba. In babu lasisin to mai saye gini kawai ya saya. Ranar 19 ga Disamba 2011 aka miƙa takardar karyewa a kotun Vänersborg, ma'aikata sama da dubu 3 suka rasa aiki ana saura kwanaki Kirsimeti, a garin da duka mutanensa ba su kai dubu 60 ba. Abun da ke ƙara wa mutane ciwo shi ne Volvo, ita ma Ford ta sayar da ita ga Geely ta Chaina a 2010, Ford ba ta hana ba, ga ta nan tana ta bunƙasa. Amma kar a manta Volvo ta ninka Saab girma sau uku ko fiye, tana da abun da mai saye zai tsaya a kai. Spyker ta kai GM ƙara a Amurka tana neman dala biliyan 3, kotu ta kori ƙarar a 2013.

Abun da ya biyo baya bai cancanci dogon bayani ba. Wani sabon kamfani mai suna NEVS ya sayi ragowar a 2012 da niyyar motar lantarki, ya sake haɗa 9-3 'yan ɗaruruwa daga Disamba 2013 zuwa Mayu 2014 kuɗi ya ƙare, Scania dama ta hana su tambarin nan mai kan tsuntsu da kambi, Saab ta jirgi ta karɓe sunanta. Evergrande ta Chaina mai harkar gina gidaje ta shigo a 2019, ita ma bashin gidaje ya cinye ta, a 2023 aka sallami kusan duka sauran ma'aikatan.

Game da masu motar, in ka zauna da su ko ka karanta abun da suke rubutawa za ka lura ba gudu suke tunawa ba, ba kuma wai motar ba ta lalacewa ba, su da bakinsu za su lissafa maka giyabos ɗin 900 da baya son a fizge shi, da rufin ciki da ke saki ya sauko maka a ka, da allon rubutun dashbod na 9-5 da haruffansa ke ɓacewa ɗaya-ɗaya. Abun da suke faɗa shi ne fiton turbo in allurar ta shiga ja, da yadda aka kwantar da kujerun baya aka zura firji ko kujerar falo aka rufe but, da gaisuwar fitila in Saab biyu sun haɗu a hanya. Da yawa kuma labarin haɗari ne, mota ta yi raga-raga mutum ya buɗe ƙofa ya fito da ƙafarsa, washegari ya tafi neman wata Saab ɗin, irin waɗannan ba ka isa ka gaya musu lissafin riba da asara ba. Akwai wani ɗan tallan kaya a jihar Wisconsin da ya yi mil sama da miliyan ɗaya da 900 ɗinsa ƙirar 1989, a 2006 ya ba gidan tarihin motoci na jihar ita. Akwai kuma masu ɗaci, musamman a Amurka, waɗanda suka sayi sababbi a 2010 da 2011 suka wayi gari garantinsu ya zama takarda, don GM ta ce ita waɗanda aka sayar a zamaninta kawai za ta ɗauka, darajar motar kuma ta faɗi warwas. Abun dariya yanzu waɗannan na ƙarshen su ake nema, sabuwar 9-5 dubu 11 da 'yan kai kawai aka ƙera, 9-4X da aka haɗa a Meziko kuwa wajen 800.

Ko gidan tarihin Saab da ke Trollhättan sai da aka sa motocinsa a kasuwa a farkon 2012, har da ta farkon farko ta 1947, ana shirin watsa su duniya sai ƙaramar hukumar garin da Saab ta jirgi da wata gidauniyar iyalan Wallenberg suka haɗa kurona miliyan 28 suka saye duka. Har yanzu masu motar suna taruwa a garin daga ƙasashe daban-daban su cika filin da motoci.

To koma kan wadda ka gani. Mutuwar kamfani ba ta nufin babu kayan gyara, ɓangaren sifiya bai karye tare da su ba, gwamnati ta karɓe shi ya zama Orio a 2013, daga baya dillalan motoci Hedin na Suwidin suka saya, kuma 9-3 daga 2003 zuwa sama tana tarayya da Opel Vectra a abubuwa da dama na ƙafa da burki, injin feturinta mai lita 2 ɗan gidan GM ne, giyar otomatik ɗin ta Aisin ce ta Japan. Matsalarka a nan gida ba ƙarfe ba ce, waya ce da kwamfuta. Motar tana son na'urar Tech2 kafin a haɗa mata makulli ko a canza wani akwatin lantarki, ba kowane mai sikana ke da ita ba, don haka kafin ka biya ka tabbatar akwai mai ita a garinku, kuma kar ka karɓi mota da makulli ɗaya, in ya ɓata sai an canza akwatin da ke bayan sitiyari gaba ɗaya. Kwamfutar injin a jikin injin aka ɗaura ta, zafi yana cinta, ka san kuma zafinmu ba irin na Suwidin ba ne, saboda haka fanka da lagireto su zama lafiya lau kuma kar ka bari wani ya cire maka tamostat ya ce wai gyara ne. In 9-5 ce ko tsohuwar 9-3 ta wajen 1999 zuwa 2003, a sauke kaskon mai a duba, waɗannan injinan suna tara dattin mai ya toshe matatar famfo injin ya ƙone ba sallama, maganinsa mai na sintetik mai kyau da canji da wuri, ba man jarka na bakin titi ba. Ka riƙa ajiye koyil na sifiya a but, a tsofaffin guda ɗaya ne dogo da ke rufe filogi huɗu, in ya mutu a hanyar Zariya ba mai shi a kusa. Gilashi da fitila da bamba su ne za su sa ka jira oda daga waje, wata ɗaya ko fiye.

In ita kaɗai ce za ta zama motarka ta zuwa aiki da kai yara, ga shi ba ka da bakaniken da ya san ta, gaskiya ka ƙara kuɗi ka sayi Corolla ko Civic. In kuwa kana da wata a gida kuma kana da haƙurin jiran kaya, je ka tuƙa ta tukuna a babban titi, ka taka ta daga 80 zuwa 120 ka ji, sannan ka sa a ɗaga ta a duba tsatsa a ƙasa don yawancinsu daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi suka fito.